Labarin Flora Shaw, Wadda Ta Raɗa wa Nijeriya Suna

Flora Shaw 'yar babban gida ce. Kakanta, Sir Frederick Shaw, mai sarauta ne a Dublin ta ƙasar Ailan, kuma wakili a majalisar Ingila. Ubanta babban hafsan soja ne. An haife ta a Woolwich, kusa da Landan, ran 19 ga Disamba, 1852.

A zamanin nan ba a san 'ya'yan manya mata da aikin jarida ba, amma ita ta kama alƙalami. Da fari littattafan yara ta ke rubutawa. A 1886 ta tafi Jibralta, ta iske Zubairu Fasha, ubangidan Rabeh wanda daga baya ya ci Barno, Turawa suna tsare da shi. Ta yi ta zuwa gare shi tana sauraron bakinsa, ta buga labarinsa, a 1887 aka sake shi. Daga nan sunanta ya fito. A 1893 jaridar Times ta danƙa mata sashen labarun ƙasashen da Ingila ke mulka, ta riƙe shi har 1900. Aikin bai rasa tabo ba, gama a 1897 majalisa ta kira ta, ta amsa tambayoyi a kan harin da Jameson ya kai Transvaal.

Ran 8 ga Janairu, 1897, ta ba da shawara cikin Times, a kira ƙasar da Kamfanin Neja ke riƙe da ita Nijeriya, don tsohon sunan ya cika tsawo. Ba ta tambayi Sarkin Musulmi ba, balle Sarkin Kano Alu, domin a lokacin Turawa ba su ci Kano ba tukuna. Amma sunan ya zauna, a 1914 ya game Arewa da Kudu.

A 1902 ta auri Gwamna Lugga, ta zo Zungeru, ciwo ya komar da ita gida. A 1905 ta wallafa littafi a kan tarihin Mali da Songai da Barno da ƙasashen Hausa. Ta rasu ran 25 ga Janairu, 1929.

To, ma'aikaci mai riƙe da alƙalami, ko a Minjibir ya ke ko a birni, sai ya lura. Abin da aka rubuta rana guda ya kan bi jikokin mutanen da ba a shawarta ba.