Abdullahi Smith: Baturen da ya mayar da masana tarihi ga littattafan malaman Sakkwato

An haifi Henry Frederick Charles Smith a Ingila a 1920. Lokacin da ya fara koyarwa a Jami'ar Ibadan, rahotannin Turawan mulkin mallaka ne madogarar yawancin masu rubuta tarihin Arewa. Shi kuwa ya dage sai an karanta abin da Shehu Ɗanfodiyo da Muhammadu Bello suka rubuta da Larabci.

A 1962 ya koma Zariya, ya kafa sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello. Daga baya ya musulunta, ya zama Abdullahi. Ko labarin Bayajidda bai ƙyale ba, ya ce bai isa ya bayyana yadda masarautun Hausa suka kafu ba.

Shi ya assasa cibiyar bincike ta Arewa House a gidan Sardauna da ke Kaduna a 1970. Cikin ɗalibansa har da Dakta Yusufu Bala Usman. Ya rasu a 1984.