Nana Asma'u 'Yar Shehu: Malamar da ta rayu da rashi tsawon shekaru

An haifi Nana Asma'u a Ɗagel a shekarar 1793, 'ya ce ga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An fi saninta da ilimi da karantar da mata, amma wanda ya bibiyi tarihinta zai tarar da mace wadda mutuwa ta riƙa yi wa ɗauki ɗaiɗai cikin makusantanta har ƙarshen rayuwarta.

Tun tana ƙarama mahaifiyarta Maimuna ta rasu, ta tashi a hannun matan gidan Shehu. Tana da shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da yaƙe-yaƙen da suka ci malamai da mahaddata masu yawa. A 1817 mahaifinta ya rasu a Sakkwato. Baffanta Abdullahi na Gwandu ya bi shi a 1829. Rashin da ya fi girgiza ta shi ne na yayanta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, domin shi ne abokin shawararta a harkar ilimi. Daga baya mijinta, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ya rasu, sannan aminiyarta A'isha, matar Bello. Ɗanta Abdulƙadir, wanda ya gaji wazirci, shi ma ya riga ta gidan gaskiya.

Asma'u ba ta ɓoye zafin waɗannan rashe-rashe ba. Ta rubuta marsiyyoyi da Larabci da Fulatanci, inda take bayyana kewa da zubar hawaye a fili, tare da miƙa wuya ga hukuncin Allah. A wajenta kuka bai saɓa wa haƙuri ba, muddin harshe bai furta abin da ya kauce wa shari'a ba.

Abin lura a marsiyyoyin shi ne abin da ta zaɓa ta ambata. Ta fi mayar da hankali ga halin mamaci: tsoron Allah, kyauta, sada zumunci, kula da marayu da sasanta masu husuma. Ba manya kaɗai ta yi wa ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta kuma yi wa Hawa'u, ɗaya daga cikin jajinta. Ta haka kowace ta'aziyya ta zama darasi ga masu rai.

Bayan rasuwar Bello, ita da Giɗaɗo sun duƙufa wajen taskace tarihin Shehu da na Bello don kada ya salwanta tare da waɗanda suka shaida shi. A wannan zamanin ne ta tsara 'Yan Taru, inda take naɗa jaji da malfa, su kuma su kai waƙoƙinta na koyarwa ga matan karkara. Da yawa cikin matan nan yaƙi ya raba su da mazaje ko garuruwansu, sai suka sami ilimi da 'yan'uwantaka a wuri guda.

Ta rasu a 1864 tana da kimanin shekara 71, aka binne ta a Hubbaren Shehu da ke Sakkwato, kusa da mahaifinta. Al'adar 'Yan Taru ta ci gaba bayanta, kuma har gobe makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai mata da dama a Arewacin Najeriya suna ɗauke da sunanta. Allah Ya jiƙanta da rahama.