Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina (1912–1994)

An haifi Alhaji Isa Kaita a birnin Katsina a shekarar 1912, a gidan sarauta, domin mahaifinsa, Malam Haruna, shi ne Wazirin Katsina a zamaninsa. Ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, makarantar da ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam. Da ya kammala a 1932, sai ya kama aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, inda ya shafe kimanin shekara tara yana riƙe da alli.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya fitar da shi daga aji. A 1941 aka kai shi gidan rediyon Ankara, a ƙasar da ake kira Gana a yau, yana watsa labaran yaƙi. Bayan dawowarsa ya yi aiki da Sarkin Katsina Usman Nagogo da kuma En'e, sannan a 1948 ya tafi Ingila ya karanci sha'anin mulki a Exeter.

Yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar NPC. An zaɓe shi ɗan Majalisar Dokokin Jihar Arewa a 1951, ya zama Ministan Ayyuka a 1954, daga baya ya riƙe ma'aikatar albarkatun ƙasa. Amma kujerar da aka fi saninsa da ita, ita ce ta Ministan Ilimi, wadda ya hau a 1957.

Ba ƙaramin kaya aka ɗora masa ba. 'Yancin kai na ƙaratowa, Turawa na shirin tafiya, gwamnatin Sardauna kuwa ta ƙudurta cewa 'yan Arewa ne za su gaji kujerunsu. To, ina 'yan bokon? Kudu ta yi wa Arewa fintinkau, iyaye da yawa kuma suna ƙyamar makarantar. Tsohon malami ya san cewa gina aji ba wuya, samun wanda zai tsaya a cikinsa shi ne aiki. Saboda haka horon malamai ya sami babban matsayi a zamaninsa. A 1962 aka buɗe Babbar Kwalejin Horon Malamai ta Zariya, a shekarar nan kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta fara aiki. Duk da haka giɓin bai cike ba har juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, wanda ya ci ran Sardauna, ya kuma rushe gwamnatin.

Daga nan ya zauna a Kaduna. A Jamhuriya ta Biyu, Shugaba Shehu Shagari ya naɗa shi shugaban hukumar kula da ɗa'ar ma'aikata. Allah ya yi masa rasuwa a watan Nuwamba, 1994. Sunansa aka sa wa Kwalejin Ilimi ta Jihar Katsina da ke Dutsin-Ma, wadda 'ya'yan Kurfi da sauran garuruwan yankin suke zuwa koyon aikin malanta.