Albert Coons, Likitan da Ya Kunna wa Garkuwar Jiki Fitila

Mu 'yan sashen kimiyyar ɗakin gwaji mun haddace sunayen Pasteur da Koch har sun gundure mu, amma da wuya ka ji an ambaci Albert Coons. Ni kuwa a ganina an ci haƙƙinsa.

An haife shi a 1912 a Gloversville, jihar New York ta Amurka, garin majema da masu ɗinkin safar hannu ta fata. Ya gama karatun likita a Harvard a 1937. A 1939 ya yi 'yan watanni a Berlin, ana dab da ɓarkewar yaƙi, can ne wata tambaya ta hana shi sakat. Akwai zazzaɓin da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro ya lalata zuciyar yara, ana kuma zargin garkuwar jikin yaron ce da kanta ke yin ɓarnar. To ta yaya za a gani da ido?

Dabararsa ke nan. Jiki na ƙera wani furotin mai suna antibodi, kowanne da abin da yake kamawa, ba ya kuskuren gida. Matsalar ita ce ko a madubin likita ba a ganinsa. Coons ya ce to a liƙa masa rini mai ƙyalli mana, duk inda ya je ya manne sai wurin ya haska. Da ya koma Harvard, masana sinadarai Hugh Creech da Norman Jones suka taya shi, aikin farko ya fito a 1941. Sai dai rinin farko shuɗi yake haskawa, naman jiki ma shuɗi yake haskawa a ƙarƙashin wannan fitilar, ka ga an yi ba a yi ba. Suka koma ga wani rini, fuloresin, mai hasken kore shar. A 1942 suka nuna ƙwayar nimoniya tana ƙyalli a naman ɓeran da ta kama.

Yaƙi ya katse shi, ya tafi aikin likitan soja a yankin tekun Fasifik. Bayan ya dawo, shi da Melvin Kaplan suka gyara hanyar a 1950 yadda wasu ma za su iya. A 1955 shi da abokan aikinsa suka nuna waɗanne ƙwayoyin halitta ne ke ƙera antibodin. Ya samu lambar Lasker a 1959. Nobel dai ba ta zo ba, ya rasu a 1978.

Me ya haɗa mu da shi a nan Wudil? Wallahi da yawa. Kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da tantani, a jikin tantanin kuma akwai furotin masu aikin 'yan ƙofa, wannan ya shigar da suga, wancan ya fitar da gishiri. Sun yi ƙanƙanta a gan su, sai an aika musu antibodi mai fitila. Da haka aka ga inda ƙofar ruwa, akwaforin, take zaune a ƙoda. Ana kuma kallon yadda ƙofar suga mai suna GLUT4 ke fitowa bakin tantani idan insulin ya kira ta, abin da ke tangarɗa a jikin mai ciwon suga.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na maleriya, don kowa ya san sauron bakin kogi da damina. Iyayenmu sun sha kulorokwin sun warke, daga baya ya daina ci. A 2000 aka gano dalilin, wani furotin ne mai suna PfCRT. Da aka bi shi da antibodi mai ƙyalli, sai ga shi a tantanin jakar da ƙwayar cutar ke narka abincinta, daidai inda maganin ke taruwa ya kashe ta. Idan furotin ɗin ya sauya, sai ya riƙa kwashe maganin yana zubarwa waje. Ashe ba kullum jabun magani ne laifin ba. A 2005 Nijeriya ta sauke kulorokwin, ta koma haɗin magungunan atemisinin.

Ko kan karen da ake zargin haukansa, in an kai cibiyar binciken dabbobi ta Vom, da hanyar Coons ake duba ƙwaƙwalwarsa. In ɗigon kore ya bayyana, wanda aka ciza ba shi da sauran jinkiri, sai allura.