Jon Postel: Editan da ya tsara yadda ake rubuta ƙa'idojin intanet

An haifi Jonathan Postel a ranar 6 ga Agusta, 1943, a jihar Kalifoniya ta Amurka. Tun yana ɗalibi a jami'ar UCLA ya shiga aikin ARPANET, hanyar sadarwar da intanet ta samo asali daga gare ta.

A 1969 Steve Crocker ya ƙirƙiro jerin takardun RFC, inda injiniyoyi ke bayyana yadda kwamfutoci za su riƙa musayar bayanai. Postel ne ya riƙe aikin tace su kusan shekara 30. Ta hannunsa takardun IP da TCP suka fito a 1981.

Sharuɗɗansa masu tsauri ne. A jagorar marubuta da suka fitar tare da Joyce Reynolds a 1997, layi ba ya wuce haruffa 72, shafi kuma ba ya wuce layi 58, rubutun zalla babu ado. Takardar da aka wallafa ba a sake taɓa ta. Idan gyara ya taso, sai a fitar da sabuwa mai sabuwar lamba.

Hikimar ita ce kowa ya iya karanta takardar kyauta a kan kowace irin na'ura, domin idan injiniyoyi biyu suka fahimci jimla ɗaya daban, kwamfutocinsu ba za su fahimci juna ba.

Postel ya rasu ranar 16 ga Oktoba, 1998, bayan tiyatar zuciya, yana da shekara 55. Vint Cerf ya rubuta ta'aziyyarsa a matsayin RFC mai lamba 2468.