Tunawa da Marigayi Alhaji Mamman Shata Katsina

Jama'a, a wannan fitowa mun ga ya dace mu waiwayi mutumin da muryarsa ta yi renon da yawa daga cikinmu a nan ƙasar kudu, wato Alhaji Dakta Mamman Shata Katsina, Allah Ya jiƙansa. Dalili kuwa shi ne yaran da muka haifa a Sabo, wasunsu Yarabanci ya fi Hausa zama a bakinsu, in ka ambaci Shata sai su ce sun taɓa jin sunan a waya. To ga shi nan a taƙaice.

An haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina wajen shekarar 1923. Mahaifinsa Ibrahim Yaro bai so ɗansa ya yi waƙa ba ko kaɗan, don a wurinsa roƙo ne, kuma ba gadon gidansu ba ne. Abin da zai yi wa 'yan uwanmu fatake daɗi shi ne, kafin duniya ta san shi, Shata ɗan tallar goro ne, daga baya ya koma tallar alewa. A wajen tallar nan da dandalin samari da 'yan mata bakinsa ya buɗe. Daga Musawa ya koma Bakori, sannan Funtuwa, garin auduga, inda ya kafa gida. A 1952 ya yi wasa a bikin 'ya'yan sarki a Kano, daga nan sunansa ya wuce ƙasar Katsina.

Kiɗansa kalangu ne, kiɗan mahauta, ba taushi ko kotso na fada ba. Wannan ma kaɗai ya isa ya nuna maka inda ya dosa. Makaɗan fada kowa da ubangidansa, ba ya wuce shi. Shata kuwa ba shi da shamaki. Yau ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, gobe ya yi wa Bawa Direba, jibi Sarkin Bori Sule, gata Garba Bichi. Ko da Amurkawa suka sauka kan wata a 1969, bai bar su ba, sai da ya yi wa kumbon Apollo 11 tasa waƙar. Kuma ba zama yake yi ya tsara ba. Amshi ɗaya zai ba yaransa, su riƙe, shi kuma ya yi ta zubo magana nan take, ya duba fili ya ga wanda ya shigo ya saka shi a ciki. Shi ya sa Bakandamiya, wadda ya yi wa kansa kirari a cikinta, da wuya ka ji ta iri ɗaya sau biyu.

Mu da muka tashi a zango mun san abin da muryar nan take nufi. Iyayenmu sun fara jinsa a faifan garmaho. Mu kuma muka riske shi a Rediyon Kaduna, a gajeren zango, ana ɗaga eriya ana juya akwati, murya ta tafi ta dawo, ba mai tari har a gama Zaɓi Sonka. Da kaset ya zo, sai aka huta. Direbobin manyan motoci da ke sauke shanu su ɗauki goro su ne ke kawo mana sababbi daga Kano. Da dare ana ɗaure huhu a Shagamu, ana yayyafa wa ganye ruwa, rakoda na gefe, in batir ya yi sanyi a gasa shi a rana washegari. Mutum ya shekara biyar bai ga gida ba, sai ya ji Shata yana lissafa garuruwan da ke kan hanyarsu ɗaya bayan ɗaya. Wallahi mun ga dattawa masu furfura sun yi shiru, aikin hannunsu ya tsaya.

Ba za mu ɓoye ba, malamanmu na Islamiyya ba su yarda da shi duka ba, musamman waƙarsa ta mashaya, kuma suna da hujja. Zambonsa ma ba kyau, wanda ya faɗa bakinsa sai dai Allah Ya kiyaye, har jikoki ana tsokanarsu. Amma bakin nan dai shi ya yi yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda har masu sukarsa kan saurara. Hisabinsa yana wurin Mai shi.

Ya taɓa siyasa, har ya shugabanci jam'iyyar SDP a ƙaramar hukumar Funtuwa. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar MON, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988, mutumin da bai zauna ajin boko ba. Tun 1975 ma Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a Amurka a kan waƙoƙinsa.

Ya rasu ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, bayan ya sha jinya. Ba a kai shi Musawa ba, ba a kai shi Funtuwa ba. A Daura aka rufe shi, garin Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya riƙe shi tamkar ɗan gida. Allah Ya gafarta masa, da iyayenmu da suka kwanta a maƙabartun nan na kudu, amin.