John Wood, Maginin Da Ya Mai Da Jerin Gidaje Tamkar Fada Guda

Yau filinmu na tarihin mazan jiya zai kai mu garin Bath na ƙasar Ingila, inda aka yi wani magini mai suna John Wood. Mun zaɓo shi ne domin labarinsa na ciniki ne, kuma duk wanda ya taɓa kama fili don tayar da jerin shaguna a kasuwar bakin iyaka zai gane dabararsa.

An haifi Wood a 1704, mahaifinsa ma magini ne. Ya yi aiki a Landan da yankin Yorkshire, sannan ya komo Bath a 1727. A lokacin garin ƙarami ne mai lunguna, amma yana da maɓuɓɓugar ruwan zafi wadda masu hali ke zuwa wanka don neman lafiya. Baƙi sun yi yawa, masauki na kirki ya yi ƙaranci. Nan Wood ya hango kasuwa.

Bai zuba kuɗinsa ya gina unguwa duka ba. Sai ya karɓi hayar fili ta shekara 99 daga hannun wani likita, Robert Gay, ya yanka shi fuloti-fuloti, ya zana fuskar gidajen, ya ba wa wasu magina haya bisa sharaɗi: gaban kowane gida dole ya bi zanensa, tsawo ɗaya, tagogi a layi ɗaya, dutse iri ɗaya. Ciki da baya kuwa, kowa ya yi daidai aljihunsa.

Haka aka gina dandalin Queen Square daga 1728 zuwa 1736. A gefensa na arewa gidaje bakwai ne manne da juna, amma mai wucewa zai ɗauka fadar sarki ce guda, da ginshiƙai da ƙawa a tsakiya. Wood yana biyan mai fili fam 137 a shekara, shi kuma yana karɓar fam 305 daga magina.

Irin wannan gini shi ake kira salon zamanin George, saboda sarakunan Ingila huɗu masu wannan suna da suka yi mulki daga 1714 zuwa 1830. Gidan siriri ne mai hawa-hawa: madafa a ƙarƙashin ƙasa, babban falo mai dogayen tagogi a bene na farko, ɗakunan barori can sama. Dutsen mai launin zuma kuwa daga tsaunukan kusa da garin ake sarowa, inda attajiri Ralph Allen ke da ramukan haƙa. Wood ne ya zana masa katafaren gidansa na Prior Park, wanda ya zama tallar dutsen. Shi ne kuma ya gina wa fataken Bristol zauren cinikinsu tsakanin 1741 da 1743.

Sai dai akwai abin da bai kamata mu ɓoye ba. Ɗaya daga cikin manyan da suka fara ba shi aiki a Bath, basarake Chandos, yana da jari mai yawa a kamfanin Royal African, wanda ya yi cinikin bayi a gaɓar Afirka ta Yamma. Bristol ma a wancan zamani tashar jiragen wannan ciniki ce. Idan mun yaba kyan ginin, mu tuna da wannan.

Aikinsa na ƙarshe shi ne Circus, gidajen da aka jera a da'ira, kashi uku da mashiga uku. An aza harsashinsa a watan Fabrairu na 1754, Wood ya rasu a watan Mayu, bai ga an ɗaga bango ba. Ɗansa, wanda shi ma sunansa John Wood, ya kammala aikin a 1768. Ɗan ne kuma ya gina Royal Crescent daga 1767 zuwa 1774, gidaje 30 a jere kamar jinjirin wata, da ginshiƙai 114, bisa tsarin mahaifinsa. Har yau wanda ya zagaya bayansu zai tarar kowane gida da nasa fasali. A 1987 hukumar UNESCO ta sa Bath cikin wuraren tarihi na duniya.

Mu da muke zama a kasuwa mun san yadda layin shaguna ke lalacewa: wannan ya turo rumfa cikin hanya, wancan ya toshe magudana, damina ta zo kowa ya yi asara. Magina na Bath sun yarda da sharaɗi guda a kan abin da ya haɗa su, darajar gidan kowa ta ƙaru, kuma ga ginin nan tsaye bayan shekara fiye da 250. Shugabannin kasuwanninmu da masu raba fuloti, ga abin dubawa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.